Wasan Yaƙi a Port Ansel

Bot yana cikin sauko da keken guragu na Mista Hollis daga bayan mota sai igwa ta tashi a bakin ruwa. Kafin ƙarar ta gama yawo cikin gari ya tsinci kansa durƙushe a gindin taya, hannu ɗaya a ka, ya saki maɓallin da ke sauke keken. Keken ya tsaya a sama, tsohon yana zaune a ciki yana leƙo shi ta ƙarƙashin hularsa ta sojan ruwa.

"Kawu, gwaji suke yi," in ji Sadiyya, nas ɗin da ta rako tsofaffin. 'Yar Zariya ce, kuma a duk gidan kula da tsofaffi na Greenbelt inda suke aiki, su biyu ne kaɗai ke jin Hausa. "Ba a ma fara ba. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Sista. Makulli ne ya faɗi."

Makullin yana rataye a ƙugunsa. Ta gani, ta kau da kai. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ƙarasa sauke keken.

Bot mutumin Riyom ne a Jihar Filato, shekarunsa sun haura hamsin, kuma ya daɗe yana tuƙa motar gidan nan. Asibiti, coci, kantin magani, ko'ina aka aike shi yana zuwa ba gunaguni. Tafiya ɗaya ce kawai yake zillewa duk shekara, wato ta Port Ansel. Ƙaramin gari ne na masu kamun ƙaguwa a kudancin Maryland, inda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka koya wa samari yadda ake fita daga jirgin ruwa a hau gaɓa ana ruwan harsashi. Duk bazara garin kan yi bikin tunawa da su, a ɗebo 'yan tsofaffin da suka rage a jera su a gaba. Kullum Bot kan yi musaya da ɗaya direban. Bana ɗaya direban ya bar aiki, babu wanda za a yi musayar da shi.

Garin ya cika maƙil. Tutoci a kowace ƙofa, ƙanshin soyayyar ƙaguwa ya haɗu da na man jirgi, 'yan makaranta suna kaɗa badujala a dandali. Bot ya tura keken a kan katakon da aka shimfiɗa bisa yashi har sahun gaba, dab da igiyar da ta raba 'yan kallo da filin wasan. Mutane suka riƙa zuwa suna sunkuyawa suna gaisawa da Mista Hollis, suna yi masa godiya, wasu suna ɗaukar hoto da shi. Shekarunsa ɗari ba ɗaya. Yana ɗan sha takwas ya tuƙa ɗaya daga cikin ƙananan jiragen da suka sauke sojoji a gaɓar Faransa. Ƙafafu sun daina ɗaukarsa, amma kai da baki suna nan garau.

"Yanzu da muka kusa ƙarewa sun fi son mu," in ji shi da Turanci, bayan wata mata ta sumbace shi a kunci ta wuce. Sai ya ɗago ido. "Direba, ba wani abu kake nema a ƙasa ba ɗazu. A ina ka yi yaƙi?"

Bot ya yi kamar bai ji ba. Tsohon bai kau da ido ba.

"Laberiya, yallaɓai."

"Ban san mun je can ba."

"Ba ku je ba. Mu muka je."

Tsohon ya gyaɗa kai ya mai da dubansa ga ruwa. Niyyar Bot ita ce ya koma mota, ya ɗaga gilasai, ya ƙure rediyo har a gama. Ya juya ke nan Sadiyya ta riƙo hannun rigarsa. Ɗaya daga cikin tsofaffin nata rana ta buge ta, jiri take ji, dole a kai ta tantin masu ba da agaji.

"Kawu, don Allah tsaya mini da shi. Yanzu zan dawo."

Kafin ya sami abin cewa ta shige cikin jama'a. Lasifika ta yi tari, mai sanarwa ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, albarushi ne kawai, babu harsashi ko ɗaya. Jama'a suka yi dariya, suka ɗaga wayoyi.

Jirage uku suka ɓullo daga bayan tsibiri, masu faɗin baki, launin toka. A kan yashi an haƙa ramuka an jera buhuna, wasu mutanen gari sanye da kayan sojan Jamus suna kwance a ciki da bindigogi. Igwa ta sake tashi. Yashi ya yi tsalle sama daga inda aka binne abin fashewa, hayaƙi ya turnuƙe. Jiragen suka daki gaɓa, bakunansu suka faɗo cikin ruwa, maza suka yi ta kwararowa suna ihu. Wani ya dafe ƙirji, ya duba inda babu ruwa, sannan ya faɗi. Wata mata kusa da Bot tana lasar ayiskirim tana cewa ɗanta ya duba, ga kawunsa can, shi ne na biyu.

Iska ta juyo da hayaƙin kansu. Warin albarushi ne ya fara shigarsa, ba ƙarar ba.

A daminar shekarar 1990 yana ɗan ashirin, ƙaramin sojan ruwa a jirgin da ya kwaso dakarun Afirka ta Yamma zuwa tashar jiragen Monrovia, babban birnin Laberiya. An gaya musu aikin raba faɗa za su je, babu wanda zai harbe su. Tun daga nesa suka jiyo warin garin, gawarwaki sun kumbura suna yawo a gefen jirgi, wasu hannuwansu a ɗaure ta baya. Aikin Bot da abokinsa Kambai shi ne su dira kan dakalin tasha su ɗaure igiyoyin jirgi. Sun ɗaure ta farko. Kambai ya ruga zuwa ta biyu yana dariya, yana cewa wanda ya zo ƙarshe shi zai wanke kwanuka. Bot bai ji faɗowar abin ba. Ya dai ga siminti ya buɗe, ya ji zafi a fuska, ya ga kansa a zaune. Da ya rarrafa ya isa, Kambai yana kwance rigingine, cikinsa a farke daga ƙirji zuwa mara, yana ƙoƙarin mayar da hanjinsa da hannu biyu, hanjin yana sulluɓewa. Ƙafarsa ɗaya tana can gefe da takalminta. Bot ya cire riga ya danna, jini ya ratso rigar ya biyo ta tsakanin yatsunsa, ga ɗumi. Kambai yana ta tambayarsa ko an ɗaure igiyar. Daga cikin hayaƙi wani ɗan tawaye ya fito da gudu, fuska shafe da farar ƙasa, bindiga a gaba, kuma Bot ba shi da komai a hannu sai jiƙaƙƙiyar riga. Wani soja daga saman jirgi ne ya fasa wa mutumin kai, ya faɗi a kan ƙafafun Kambai yana shure-shure.

Hannuwan Bot sun ƙanƙame mariƙin keken har jijiyoyi sun fito. Mista Hollis yana magana, bai ji me yake cewa ba.

A filin wasan an ci ramukan Jamusawa. Ɗaya daga cikinsu, wani ƙato mai jan fenti a fuska a madadin jini, ya tashi ya yo wajen 'yan kallo da gudu yana tangaɗi, don ya burge sahun gaba. Ya fito daga cikin hayaƙin dab da igiya, wuƙar banati a bakin bindigarsa, ya buɗe baki yana kururuwa, ya juyo da bindigar ta bi ta kan keken Mista Hollis, ya danna kunama. Wuta ta fito daga bakinta.

Bot bai tsallake igiyar ba, da ita ya tafi, turakunta suka tumɓuke. Ya daki mutumin da kafaɗa a ciki suka zube tare. Ya kama bindigar ta tsakiya ya murɗe, ya ji wani abu ya ɓalle a hannun mutumin kamar busasshen kara. Mutanen da ke baya suka ɗauka cikin wasan ne, suka yi tafi, wani har da fito. Bot ya hau ƙirjinsa, ya juya gindin bindigar ya sauke masa a baki. Hular kwano ta yi gefe. Ya sake saukewa. Haƙora suka zubo kan yashi, jini na gaske ya fito ya bi ta kan fentin, ya fi shi duhu. Mutumin ya ɗaga lafiyayyen hannunsa yana karewa, yana wani gurnani kamar rago a hannun mahauci. Na uku ya same shi a ƙashin ido.

Tafin ya mutu. Bot ya ɗaga bindigar sama da hannu biyu zai sauke na huɗu, sai wata ƙaramar murya ta ratso komai.

"Dadi! Dadi!"

Yarinya ce da 'yar tuta a hannu, wata mata ta rungume ta ta baya tana jan ta. Bot ya dubi yarinyar, ya dubi abin da ke ƙarƙashinsa. Bature ne mai sanƙo da tumbi, zoben aure a yatsa, muƙamuƙinsa ya karkace gefe guda, kumfar jini tana fita tana komawa a inda bakinsa yake a da.

Ya miƙe tsaye a hankali, bindigar tana hannunsa har yanzu. Jama'a suka dare, kujeru suna faɗuwa. 'Yan sanda biyu suka taho da gudu a kan yashi, suka tsaya, suka auna shi. Yana ganin bakunansu suna motsi, jijiyoyin wuyansu sun tashi, amma kunnensa ƙugi kawai yake yi, Turancin ya ƙi shiga. Ƙaramin cikinsu yatsansa yana kan kunama.

"Kawu Bot."

Wannan ya ji. Sadiyya ce ta keto ta tsakanin kujeru, hannuwanta a sama, tana tafiya a hankali, ɗankwalinta ya zame.

"Kawu, ni ce Sadiyya. Dube ni. Nan Amurka ne. Bindigar nan da ke hannunka, sake ta. Kada ka ɗaga, kada ka sunkuya, buɗe hannu kawai. Wallahi za su harbe ka."

Ya buɗe hannu. Bindigar ta faɗi.

Suka yi kansa. Ɗaya ya kwashe masa ƙafafu, fuskarsa ta nutse cikin yashi, aka murɗe hannunsa baya har kafaɗa ta yi ƙara ta goce. Gwiwa ta sauka a wuyansa da nauyin mutum gaba ɗaya. Yashi ya cika masa baki da hanci. Ya nemi numfashi ya rasa, ƙafafunsa suka fara shuri da kansu, su kuma suna daka masa tsawa ya daina gardama, ana ƙara danna shi. Ya ji Sadiyya tana cewa da Turanci ita nas ce, mutumin nan ba ya numfashi. Gefen idonsa ya fara duhu.

Da ido ɗaya da ya rage a waje ya ga Mista Hollis. Tsohon da sai mutum biyu sun kama shi ake mai da shi gado ya dafa hannuwan keken ya miƙe. Ya yi taku ɗaya a kan katako, ya yi na biyu a kan yashi.

"Ku ɗaga shi," in ji shi, da wata murya da ba a san yana da ita ba. "Ni aka auna da bindiga. Ku ɗaga shi, na ce."

A taku na uku ƙafar ta ƙi. Ya tafi gaba ɗaya kamar an sare itace, ya faɗi da ƙugu a bakin katakon, kowa ya ji ƙarar ƙashin. Ɗan sandan da ke kan wuyan Bot ya zabura ya yi wajensa. Iska ta shiga ƙirjin Bot da yashi da komai, ya yi ta tari yana amai.

Motocin asibiti biyu suka tashi da jiniya, ɗaya da mai kayan Jamus, ɗaya da tsohon da Sadiyya. Shi kuma aka tura shi bayan motar 'yan sanda da ankwa. Suna fita daga dandali ya ji an fara busa bigila a bakin ruwa. Masu bikin sun ga gara a ƙarasa, tunda an riga an sayi furannin da za a jefa cikin ruwa.

Sai da aka biya da shi asibiti aka mai da kafaɗar, sannan aka wuce da shi ofishin 'yan sanda. Wadda ta zauna da shi sajan ce, baƙar mace mai furfura, ta miƙo masa ruwa a kofin takarda. Hannunsa na dama ya kumbura, jinin mutumin ya bushe a ƙarƙashin faratansa.

"Yana da rai?" Bot ya tambaya.

"Yana da rai. Muƙamuƙi ya karye, hannu ya karye, haƙora sun tafi. Idon ne ba su sani ba tukuna."

"Yaya sunansa?"

"Mista Tolliver. Shagon kayan gini gare shi a nan bayan coci. Duk shekara shi ke yin Bajamushe, don babu mai so." Ta dube shi. "Na ga hoton abin a wayoyin mutane. Na taɓa ganin irinsa a gidanmu, wajen ƙanena. Tsohon soja ne kai?"

"E. Sojan ruwa."

Ta gyara zama, fuskarta ta ɗan saki. Ta ce to akwai hanya. Akwai kotu ta musamman don tsofaffin sojoji da yaƙi ya taɓa, alƙali kan tura mutum wajen likita maimakon kurkuku. Ta tambaye shi a wane jirgi ya yi aiki, wace shekara.

Ya gaya mata sunan jirgin. Ya ce na Nijeriya ne.

Ta juya biro a hannu.

"Ka yi haƙuri," in ji ta. "Namu kawai ake nufi."

Rana ta yi sanyi kafin a ba da belinsa. Martina, matarsa, tana tsaye a bakin kanta cikin shuɗin kayan aikinta na nas. Daga wurin aikinta na rana a Wheaton ta taho, ko gida ba ta biya ba. Ta dubi hannunsa da ke rataye a wuya, ta dubi fuskarsa da yashi ya kankare, ta wuce gaba suka shiga mota. Ita ta tuƙa.

Sai da suka bar ofishin ta fara magana, idonta a kan titi. Mista Hollis ƙugunsa ya karye, gobe za a shiga da shi tiyata, kuma a shekarunsa likitoci ba su yi alkawarin komai ba. Daga wurin aikinsa sun bugo, kada Bot ya je sai an neme shi. Lauyan da fasto ya haɗa ta da shi ya ce laifin babba ne, in aka same shi da shi girin kad ɗinsa, takardar izinin zama a ƙasar, ba zai tsare shi ba, ana iya mai da shi gida. 'Yarsu Debbie tana ta kira daga makaranta, ta ga abin a waya, ba ta san me za ta gaya mata ba.

"Baban Debbie, mutumin nan 'yarsa tana tsaye."

"Na gan ta."

"A gabanta."

"Na gan ta, Martina."

Titin fita gari ta bakin ruwa ya bi. An kwashe kujeru, wasu ma'aikata suna loda buhunan yashi a mota, wani yana bin wurin da manjagara yana rufe inda ya yi duhu. Jiragen uku suna ɗaure a gefe, bakunansu a rufe.

"Sadiyya ta bugo mini daga asibiti," in ji Martina. "Ta ce lokacin da kake dukansa wani suna kake ta kira. Da suka danne ka ma shi kake kira." Ta rage gudu. "Na san ka je Laberiya. Na san ba ka son ƙarar wasan wuta, na san ba ka cin kayan ciki. Shekara nawa muna tare, na haifa maka 'ya'ya, ban taɓa jin sunan nan a bakinka ba. Wane ne Kambai?"

Bot ya dubi ruwan. Ita kuma ba ta ƙara tambaya ba. Ta duba agogon mota, don aikin dare gare ta a asibiti, ga babban titin Beltway a gabansu da gosulon yamma. Sai ta kunna sigina, ta gangara gefen titi inda masu kamun ƙaguwa ke ajiye motocinsu, ta tsaya. Ta ɗauki waya ta kira wurin aiki, ta ce da Turanci yau ba za ta zo ba, su nemi wata. Tun da suka zo ƙasar nan bai taɓa jin ta faɗi haka ba, ko ranar da zazzaɓi ya kayar da ita.

Ta kashe motar, ta kife wayar a cinya, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Mutumin Zonkwa ne," in ji shi. "Tare muka shiga soja. Ko iyo bai iya ba, ni na koya masa."